Na Je Maroko Hana Ɗiyata Hawan Dutse

Tun da na dawo daga Maroko ban yi ɗinkin kirki ba. Duk wadda ta shigo shagona na Sama Road, kafin ta kwance ƙullin atamfarta sai ta ja kujera ta ce in ba ta labari. Shekaranjiya wata aminiyata ta zo a auna ta, muka kai la'asar muna hira, ta tafi ban ko ɗauko tef ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau guda, wadda ta tambaya in miƙa mata, ni kuma in koma kan kekena.

Ni tela ce, na kusa shekara talatin a wannan sana'a. Gidanmu yana Ƙofar Marke, cikin garin Sakkwato. Maigidana, Malam, ya koyar da Larabci har ya yi ritaya. 'Ya'yanmu shida, Hafsatu ce auta, kuma ita ce ta samu gurbin karatu a Marakish, tana karanta ilimin duwatsu da ma'adinai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yayanta Bello ya miƙa wa Malam waya. Hoto ne. Wani jan dutse ne tsaye kamar bango, a tsakiyarsa ga wani ɗan abu manne kamar tsaka. Da aka buɗe hoton sai ga Hafsatu, da hular kwano a kan hijabinta, igiya guda ce tsakaninta da lahira, tana dariya.

Malam ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Karatun duwatsu munka aike ta, ba hawansu ba."

Ni kuwa ranar ban ci tuwo ba.

Gwiwar Malam ba ta barinsa doguwar tafiya, don haka bayan kwana biyu ya kira ni ya ce, "Ke za ki tahi. Ki gani da idonki, ki hana ta wanga abu. A waya ba ta ji." Na amsa da sauri, don ko bai ce ba zuciyata ta riga ta tafi.

Neman biza ya ɗauki lokacinsa. Da ta fito na bi jirgi zuwa Abuja, na kwana biyu gidan ƙanwata, daga can muka tashi zuwa Kasabalanka. Na taɓa zuwa Hajji, jirgi bai ba ni tsoro. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne akwatina. Hafsatu ta daɗe tana kukan miyar gida, sai na cika mata kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin gero. A wurin masu duba kaya, wani jami'i ya buɗe, ya ɗago ledar kuka, ya dubi koren garin, ya dube ni. Ya yi magana da Faransanci, ban ji ba. Ya koma irin Larabcinsu, wanda yake gudu kamar ana korarsa, nan ma ban kama komai ba. Sai na tattaro ɗan Larabcin da na tsinta a zaman gidan Malam, na ce masa ganyen itace ne, na miya. Ya yi murmushi ya ce da abokiyar aikinsa, a hankali yadda zan ji, wai wannan Hajiya tana magana kamar mai huɗuba. Ita ta dangwali kukar ta ɗanɗana, ta ɗaga kafaɗa. Shi kuma ya kai hannu ya kwance ƙullin daddawa. Bai gama kwancewa ba ya mayar ya ɗaure, ya rufe akwatin da kansa, ya nuna mini ƙofa yana yi mini addu'ar sauka lafiya.

Hafsatu na tsaye a waje. Na yi niyyar haɗe fuska tun daga nan don ta san abin da ya kawo ni, amma da ta rungume ni ta ce, "Inna, sannu da hanya," sai niyyar ta watse. Ta yi ƙiba kaɗan, kuma da ta ɗauki akwatin nan da hannu guda na lura hannuwanta sun yi ƙarfi.

Jirgin ƙasa muka shiga zuwa Marakish. Hafsatu tana zaune ne a ɗaki guda a gidan wata dattijuwa. Matar ta tare ni a bakin ƙofa, na miƙa hannu, ita kuma ta kawo fuska za ta sumbaci kumatuna yadda matansu ke gaisawa. Ta yi dama, ni ma na yi dama, goshinmu ya haɗu. Haka muka fara zumunci, kowa na shafa goshi.

Abincinsu ya ba ni mamaki. Suna dafa nama da kayan lambu a wani kasko mai murfi kamar malafa, su ajiye a tsakiya kowa ya sa hannu, burodi ne cokalinsu. Ba sa yarda burodi ya zauna a ƙasa, in sun ga gutsure a hanya sai su ɗauka su ɗora bisa katanga. Ranar Juma'a kuma kowane gida kuskus ake yi, ɗan'uwan dambunmu ne, sai dai ya fi laushi. Shayi kuwa irin na Buzayenmu ne, da na'ana'a, ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa. Zaitun ne kawai ya ba ni kunya. Tun ina ƙarama nake karanta sunansa a allo, na ɗauka zaƙi gare shi kamar dabino. Na jefa ɗaya baki, sai gishiri da ɗaci. Dattijuwar na kallona, dole na haɗiye, ta ji daɗi ta ƙara mini.

Kwana na biyu, bayan na tuƙa mata tuwo ta ci har ta jingina da bango, na ce, "Hafsatu, kin san abin da ya kawo ni."

"Na sani, Inna."

"Babanki ya ce ki bari. Ni ma haka na ce."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Ranar Asabar za mu tahi wurin da anka ɗauki hoton nan. Ki biyo ni ki gani. In mun dawo, duk abin da kinka yanke shi zan bi, ba zan yi gardama ba."

Malam da kansa ya ce in gani da idona, don haka na yarda.

Hanyar nan ba zan manta da ita ba. Mu da muka saba mota ta miƙe daga Sakkwato har Illela ba kwana, sai ga bas tana hawa tana nannaɗewa kamar zare a mazari. In ka leƙa taga, ƙasa ta yi nisa, in ka ɗaga kai, ga farin abu bisa tsaunuka. Na tambayi Hafsatu ko gishiri ne, ta ce ƙanƙara ce. Cikina ya fara juyawa. Wata tsohuwa da ke gefena, mai shuɗiyar jarfa a haɓa, ta ciro lemon tsami daga ƙullinta, ta huda da farce ta manna mini a hanci. Ba Larabci take ji ba, yarensu na mutanen tsauni take yi. Muka yi ta hira da hannu har Warzazat, na gane 'ya'yanta takwas, ita ma ta gane nawa shida, ta tausaya mini.

Da la'asar sakaliya muka isa Tingir. Gari ne na jan laka da dabino, in ba don tsaunukan ba sai ka ce wani ƙauyenmu ne. Muka sauka a gidan baƙi na wata mata mai suna Zahra, wadda ita ce ke koya wa su Hafsatu hawa. Na zaci zan ga wata 'yar gayu. Sai ga mace mai kamar shekara arba'in, gajeriya, da ɗankwali, tana goye da jikanta tana kwasar burodi daga tanda. Bayan magariba na jiyo maza a masallacin unguwa suna karatu baki ɗaya, da ƙira'ar Warshu, irin wadda na taso ina ji a zauren mahaifina. Alƙur'anin da ke ɗakinmu ma irin rubutunmu ne, ɗigon fa'un a ƙasa. Hankalina ya ɗan kwanta da mutanen, amma ba da dutsen ba.

Da safe na ce kafin a je ko'ina sai an nuna mini abin da ke riƙe ɗiyata. Zahra ta kai mu ɗakin kaya, Hafsatu na yi mana tafinta. Igiyoyi ne a nannaɗe, da hulunan kwano, da ƙugiyoyi masu makulli. A jikin bango kuma an rataye abin da suke ɗaurawa a jiki a ƙulla igiya a kansa. Suna da sunansa na Faransanci, ni dai ɗamara nake ce masa.

Ashe ba iri guda ba ce. Zahra ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ta ƙugu, wadda akasarinsu ke sawa: bel mai faɗi da soso a ciki, da zobba biyu da ake zura cinyoyi, in igiya ta riƙe ka sai ka zauna kamar a lilo. Akwai wata siririya, ba soso, za ka iya dunƙule ta a tafin hannu. Ta ce wannan ta masu hawan tsaunin ƙanƙara ce, waɗanda ke wuni suna tafiya, ba su cika ratayuwa ba, kuma cinyoyinta na ɓallewa don a sa ta ba sai an cire manyan takalma ba. Akwai ta jiki duka, mai bi ta kafaɗu da cinyoyi, a ƙulla igiya a ƙirji. Sai wata 'yar ƙarama ta ƙirji kawai. Da ta ɗago wannan ta girgiza yatsa, ta ce ba a taɓa sa ta ita kaɗai, sai an haɗa da ta ƙugu, in ba haka ba mutum ya rataya ta matse masa numfashi.

Na ce ai na san irin wannan, ma'aikatan wutar lantarki na sawa in za su hau turke. Ta ce dangi ne amma ba ɗaya ba, tasu ta fi nauyi, an yi ta don aiki a tsaye, ba don mai miƙa hannu da ƙafa a jikin dutse ba.

Duk bayanin nan ina ji, amma hannuna na wani aikin. Tela ba ta riƙe abu ba ta juya cikinsa ba. Na duba ɗinkin, na ga an yi shi kai da komo a wuri guda, an maimaita har ya yi tauri, kuma zaren launinsa daban da na yadin. Na tambayi dalili. Zahra ta ce don in zare ya fara cinyewa ido ya gani da wuri. Wannan ya burge ni, don wanda ya yi tunanin haka ya san aikinsa.

Na ce, "Ina taki, Hafsatu?"

Ta ciro daga jakarta tana alfahari. Wata ɗaliba ce da ta gama karatu ta bar mata. Na karɓa na kai bakin taga. Daga waje lafiya lau, sai dai launin ya koɗe. Na juya ƙasa, wurin da igiya ke bi tsakanin cinyoyi. Yadin ya yi gashi-gashi, ya sirance, na murza da yatsa na ji ya yi laushi kamar tsohon zane. Daga ciki kuma wani jan zare ya leƙo.

"Wanga jan zare fa?"

Hafsatu ta leƙa, ta ce ba ta taɓa lura ba. Zahra ta karɓa. Tana gani fuskarta ta sauya. Ta ce da gangan ake saka jan zaren a ciki, in ya bayyana to ɗamarar ta gama aiki. Ta ce nata kayan tana duba su kullum, wannan kuwa da yake ta Hafsatu ce ta daɗe ba ta juya ta ba, kuma laifinta ne. Ba ta nemi wani uzuri ba. Ta dafa ƙirji ta ce mini, "Ki yafe ni, Hajja."

Na zauna bisa wani buhu. Da wannan abu ɗiyata ke rataye a hoton nan tana dariya. Hafsatu ta durƙusa gabana, idonta ya kawo ruwa, ta san maganar ta ƙare. Da na ce ta tattara kayanta mu koma, ba mai cewa na yi zalunci.

Amma ina zaune ina kallon Zahra. Ta ɗauko almakashi ta miƙo mini, ta ce a ƙa'idarsu ba a jefar da irin wannan haka nan, sai an yanka, kar wani ya tsinta ya sa. Almakashin ko albasa ba zai yanka ba, na sha fama kafin na raba ɗamarar uku. Ina yanka ina tunani. Mutanen da suka saka zare don ya tona asirin tsufan kaya, suka kuma hana a bar wa baƙo abin da zai cuce shi, ba 'yan ganganci ba ne. Gangancin a wurin ɗiyata yake, da ta karɓi kwance ba ta duba ba. Wannan kuwa abu ne da uwa ke gyarawa.

Na ce wa Hafsatu, "Ban ce na yarda ba. Amma in za ki hau yau in gani, ba da aro za ki hau ba. A kawo sababbi."

Zahra na da wasu na sayarwa a cikin kwali. Hannun Hafsatu ya tafi kai tsaye kan siririyar nan. Na ce don mi? Ta ce ba nauyi, kuma za ta yi mata amfani in sun je tsaunin ƙanƙara da 'yan ajinsu.

"Wane tsaunin ƙanƙara?"

Ta sunkuyar da kai. Zahra ba ta jin Hausa, amma ta fahimci an yi suɓutar baki, ta juya tana gyaran igiya.

Akwai igiya ɗaure a jikin azarar ɗakin, don gwaji. Zahra ta ce ba a zaɓen ɗamara a tsaye, sai an rataya. Hafsatu ta sa siririyar ta rataya, ba a jima ba ta fara mutsu-mutsu, ta ce tana yankar mata cinya. Ta sa wata mai kaurin soso, ta ji daɗin zama, amma cinyoyinta ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, in ta sa wandon sanyi ba za ta shiga ba. Ta uku matsakaiciya ce, an yanka ta don jikin mace, kuma cinyoyin na da maɓallin sassautawa. Zahra ta nuna mini yadda ake aunawa: bel ya zauna bisa ƙashin ƙugu, a ja shi ƙasa da ƙarfi ya ƙi wucewa, tafin hannu ya shiga a miƙe amma in an dunƙule ya ƙi fita. Na auna da kaina sau biyu, na bi kowane ɗinki da farce. Na ce wagga za a ɗauka, ta yi dutse ta yi ƙanƙara, ko da yake maganar ƙanƙara ba mu gama ta ba.

Daga nan ne na jawo wa kaina. Ina kallon Hafsatu tana lilo hankali kwance, sai na ce, "Sauko. Ba zan koma in ce wa Malam abu na riƙe mutum ba, alhali ban ji da jikina ba."

"Inna, ke?"

"Ni."

Ɗamara ba ta sawuwa da abaya. Zahra ta kawo mini wani faffaɗan wando nata da doguwar riga mai tsaga a gefe, muka rufe ƙofa. Ta tusa mini gefen hijabi cikin riga, ta ce duk abin da ke reto yana iya shiga ƙarfe. Na so siririyar, don ba sai na ɗaga ƙafa ba, amma da na tuna yadda ta yi wa Hafsatu na haƙura. Aka sa mini ta ƙugu, babba. Zahra ta kama ta ja ƙasa, sai ga ta ta zame. Aka matse, ta sake ja, ta sake zamewa. Shekara talatin a kan keken ɗinki sun cinye mini ƙugu, sama da ƙasa duk ɗaya. Ta ce a irin jikina, in na juye kai ƙasa, zan iya sulluɓewa daga ciki.

Ta ɗauko ta jiki duka tana ɗan jin nauyi. Ta ce wa Hafsatu ta gaya mini kar in ji haushi, wannan ita suke sa wa yara da masu juna biyu, kuma maza masu tumbi da yawa sun gwammace su fasa hawa da su sa ta.

Na ce, "Gaya mata na yi juna biyu sau shida, ba a taɓa ba ni kyautar komai ba. Ta kawo."

Ta zauna mini daram. Ta ɗan matse kafaɗa, amma da na ɗage ƙafafuna daga ƙasa sai na ji ni a miƙe, kaina sama. Azarar ta yi ƙara, ni dai ban faɗi ba.

Wurin hawan wani kwazazzabo ne, duwatsu biyu sun tsaya suna fuskantar juna, ɗan rafi na bi ta tsakiya, masu sayar da darduma sun baje a gefe. Na zauna bisa dutse na sa ido. Kafin Hafsatu ta taɓa bango, Zahra ta duba ƙullin igiyarta da maɓallanta, ita ma ta duba na Zahra, ko da yake ita ce ɗaliba. Sannan ta yi bisimilla ta fara hawa. Ban taɓa ganin ta da natsuwa irin wannan ba. Yarinyar da ke ƙona mini miya don gaggawa, ga ta tana tsayawa tana duban inda za ta sa yatsa. Can sama ƙafarta ta zame. Kafin salatin da na fara ya fita bakina, igiya ta riƙe ta, ta yi ɗan lilo, ta leƙo ta ɗaga mini hannu, ta koma inda ta tsaya.

Da ta sauko, na ga Zahra ta ciro ɗamarar nan ta jiki duka daga jaka ta ajiye kusa da ni. A gefenmu wata Baturiya mai furfura, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, tana saukowa daga bango tana haki tana murna. Na dubi matar, na dubi ɗamarar. Na ce a nuna mini wuri mafi sauƙi.

Igiyar ta bi ta wani zobe a sama ta dawo ƙasa, gefe guda a ƙirjina, ɗayan a hannun wanda zai riƙe ni. Na ɗauka Zahra ce. Sai ta ce Hafsatu ce za ta riƙe, ita za ta tsaya bayanta ta kama wutsiyar igiyar. Da yake na fi ta nauyi, suka ɗaure Hafsatu da wani ƙarfe a gindin dutse kar in ɗaga ta sama. Wannan ma na gani.

Hawan ba kyau a ido, na sani. Na sa gwiwa, na sa ciki, na kira sunayen Allah da na sani. Amma dutsen na da wurin kamawa kamar matakala, kuma duk taku ina jin igiya na bi na. Na kai kamar tsayin bene hawa biyu, hannuwana suka ce sun gama. Na leƙa ƙasa, na yi nadama.

Hafsatu ta ce, "Inna, ya isa. Yanzu saki dutsen ki jingina baya."

"In saki?"

"Saki duka hannu biyu."

"Ba ni iyawa."

"Inna, dube ni." Na dube ta. Ta kafa ƙafafunta, hannunta na kan igiya, fuskarta ba wasa. "Ina riƙe da ke. Ba inda za ki."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Masu darduma sun bar ciniki suna kallo. Na saki hannun hagu, na saki na dama. Ɗamarar ta karɓe ni, na tsaya cak a sarari, ƙafafuna a jikin dutse. Sai dariya ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun ina budurwa, na kasa tsayawa. Haka ta sauko da ni a hankali ina dariya ina hawaye, har ƙafata ta taɓa ƙasa. Baturiyar nan ta zo ta kama hannuna tana magana, wani mai darduma ya aiko mana da shayi.

A hanyar komawa na gindaya mata sharuɗɗa. Ba aro, ba kwance. Duk ranar da za ta hau ta juya ɗamara ta duba. Ba ta hawa sai da wanda ya sani. Ƙanƙara kuma sai babanta ya ji da kunnensa. Ta ce ta ɗauka. Na ƙara kwana huɗu, na koya wa dattijuwar gidansu miyar kuka, ta ci don kara, kamar yadda na ci zaitun.

Na iso Sakkwato da azahar, zafin gida ya tare ni tun daga matakalar jirgi, na ji daɗinsa. Malam ya bari na yi sallah na ci abinci, jama'a suka watse, sannan ya shigo ya zauna.

"To, kin hana ta?"

Na ba shi labari tun daga jan zare har zuwa sharuɗɗan. Da na zo wurin hawana sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wa ya hau?"

"Ni."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Na aike ki ki dawo da hankalin mutum guda, ashe biyu zan nema."

Na ce ya yi haƙuri. Yana jan carbi, na ga gefen bakinsa na motsi. Can ya ce, "Da kinka saki dutsen, mi kinka ji?"

Na ce, "Na ji ɗiyarka ta girma, Malam."

Ya daɗe yana duban tabarma. Sannan ya ce in kira masa ita. Na kira, na miƙa masa. Na ji muryarta ta yi sallama a tsorace, tana jiran hukunci.

Ya gyara murya ya ce, "Hafsatu, hannuwanki lafiya dai? Don ni na san nauyin abin da kinka riƙe."

Daga inda nake zaune ina jiyo dariyarta.